Ranar da Randa Ta Karɓo Muryarta

Yayata tana da mugun baki, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba. In ka yi muni za ta faɗa maka. In ka yi kyau za ta zagaya ta nemo inda munin ya ɓuya. Ni ƙanwarta ce, a ƙarƙashin bakin nan na girma, don haka ba labari aka ba ni ba.

Muna sakandare wasu mutane suka zo makarantarmu suka ɗauki fim na barkwanci, irin na samari da 'yan mata 'yan makaranta. Yaya aka zaɓa ta fito a matsayin yarinya mai ƙiba da kowa ke yi wa dariya, aka sa mata suna Randa. Sunan ya bi ta har furfura. Bana sai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ce za ta nuna fim ɗin ranar Asabar a zauren makaranta, aka kai tsohon kaset ɗin wurin jikan Yaya, mai gyaran waya da juye kaset a kwamfuta, don ya wanke hoton. Uwarsa ce ta tsegunta mana cewa yaron yana shirin yanke duk inda kakarsa ta fito. Yaya ta ɗauki sandarta, ni na ɗauki jakarta.

Shagon nasa a ƙarƙashin matakalar bene yake, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da kwan fitila. Wayoyin caja a rataye a bango kamar hanji, ƙauri na tashi daga ƙarfen liƙi, fanka tana juya kai ba ta ba kowa iska. Ni ya fara gani.

"Maraba, Kaka Ƙarama, ya ƙafar? A'a! Ashe da tsohuwar matata aka zo. Ku dakata in fitar da kwalin nan waje, shagon ba zai ɗauke mu mu uku ba."

"Kai ai ba ka cin wuri, Tsinke," in ji Yaya. "A rataye ka a ƙusa cikin wayoyin nan, sai an yi mako ba a gane ba."

"Sannu da zuwa, amarya. Wayar ce ta sake faɗawa a bokiti?"

"Wayata lafiyarta ƙalau, ta ma fi ka nauyi. Wurin mahauci na zo. An ce ka bar gyara ka koma yanka."

"Wa ya ce?"

"Wadda ta haife ka, take kuma nadama har yau."

Ya jawo mata kujerar roba, ya ɗora wata a kai don ƙarfi. Ta gani, ta zauna. Ni na samu kwalin.

"Kaka, fim ɗin ne ya yi tsawo, nake rage shi."

"Duk faɗin fim ɗin ba a ga inda ya yi yawa ba sai wurina?"

"Ni na ce ki cika allo? In kin shigo sai an nemi sauran 'yan wasan da fitila."

"Gara ni ana ganina. Kai ranar da aka ɗauki hoton gida, sai da mai hoto ya tambaya ko sandar shanya ce a bayanmu."

"Yaushe rabonki da kallon fim ɗin nan, tsakani da Allah?"

"Na kalle shi tun ba a haifi uwarka ba."

"To shi ya sa. Gyara tabarau."

Ya danna kwamfuta. Hoton ya fito fes, har ya fi yadda na san shi. Ga filin makarantarmu, ga bishiyar da ke bakin ɗakin karatu. Sai ga jarumin fim ɗin, wanda ake kira Gaye, gashi a tsaye kamar an kifa masa kwando, ƙafar wando tana sharar ƙasa.

"Dubi tafiya!" in ji Yaya. "Ka ga namiji. Ba irinku ba da iska ke kai ku kasuwa ta dawo da ku."

"Ci gaba da kallon namijin naki."

Muka kalla. Gaye ya tare wata yarinya mai tabarau a hanyar aji. Ta ce ya ba ta hanya, ya ƙi. Ta kauce, ya sha gabanta. Ya fizge littafinta ya ɗaga sama, tana tsalle, abokansa suna tafi. Can kuma ga shi ya haura katanga yana leƙen tagar ɗakin kwanansu, an sa wani kiɗa mai daɗi a ƙasa. Tsinke ya tsallaka zuwa ƙarshe: yarinyar ta cire tabarau, kowa ya buɗe baki wai ashe kyakkyawa ce, ta ruga ta hau bayan kekensa.

A ƙwaƙwalwata fim ɗin nan abin dariya ne daga farko har ƙarshe. Abin da na gani a shagon nan kuwa, ƙaton saurayi ne ya hana yarinya sakat, ita kuma tana neman hanyar gudu.

"Tun farkon fim take cewa ya rabu da ita," in ji Tsinke. "Wai wannan ce soyayyarku ta da? Yarinya sai ta makance kafin ta yi kyau? Ta cire tabarau ta hau keke, ai ba ta ma ga wanda ta bi ba."

"Da ta gani da ba ta hau ba," in ji Yaya.

"Yanzu fa kika ce namiji ne."

"Tafiyar na yaba, ban yabi halin ba. Da jikata ya tare haka, da sandar nan ta karye a kwandon kansa."

"Alhamdu lillahi! Tsohuwa ta waye a hannuna. Kaka Ƙarama, ki zama shaida."

"Na waye tun kana ruwa, ɗan nema. Kai ni wurina."

Ya mayar da fim ɗin baya. Ga Gaye a zaune a kan benci riƙe da littafin yarinyar. Ga Yaya ta taho, shekara goma sha bakwai, kumatu kamar an hura, an cusa mata rigar da ta yi mata kaɗan da gangan. Ta tsaya a kansa, bakinta yana motsi, sai wata siririyar murya ta fito daga lasifika:

"Wayyo Gaye, ka dube ni ko da gefen ido ne! Zan yi maka wanki, zan bar maka abincina, ka taimaka ka so ni!"

Gaye ya yamutse fuska ya ja da baya. Randa ta zauna a gefen bencin, bencin ya karye, ta yi ƙasa, ƙafafu a sama. Aka buga ganga.

Wannan "ka taimaka ka so ni" ita ce ta bi Yaya shekara da shekaru. Yara sun yi mata ita a titi, 'yan kasuwa sun yi mata, har ranar da aka kai ta asibiti haihuwa sai da wani ma'aikaci ya toshe hanci ya yi mata.

Tsinke ya tsayar da hoton. Wasa ya bar muryarsa.

"Shi nake so in cire, Kaka. Malamar da nake nema a makarantar take koyarwa, ɗalibanta za su cika zauren, kowa da waya a hannu. Kafin a tashi an ɗauka an watsa. Ba na so a yi miki dariya."

"Ba ka so a yi maka dariya dai."

"Duka biyun."

"To madalla, ka faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarka. Yanzu in tambaye ka. Kai da ka sha zagina tun kana zanin goyo, ka saurari wannan muryar ka ce tawa ce?"

"Ai lokacin kina yarinya."

"Ko ina jaririya ban yi kukan akuya ba. Ƙanin darakta ne wannan, ƙato da gemu, ya matse hanci."

Yaron ya dube ni.

"Gaskiya ne," na ce. "Ina wurin, ni ke riƙe mata gyale. Janaretonsu ya fi jirgi ƙara, ba a jin komai. Sai darakta ya ce kowa ya motsa baki kawai, ya faɗi abin da ya ga dama, in sun koma za su ɗora murya. Wasu suka yi ta ƙirga ɗaya, biyu, uku. Wasu suka karanta jadawalin lissafi."

"Ita fa?"

"Ka taɓa ganin an ce wa kakarka ta faɗi abin da ta ga dama ta tsaya ƙirge?"

"Amma me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?" ya tambaye ta.

"Na faɗa har na gaji. Na faɗa wa kakanka, ya ce to. Na faɗa wa uwarka, ta ce to. Kai ma na faɗa maka, kana danna waya, ka ce to. Muryar akuya ta fi daɗin kwaikwayo, wa zai tsaya jin tawa? Kashe sautin nan. Matso da fuskata."

"In na matso da ita sai na aro allon maƙwabci mun haɗa."

"Matso da ita, kafin in matso da taka."

Ya kashe sauti, ya jawo fuskar har leɓɓanta suka cika rabin allo. Ya saki hoton. Yaya ta dogara da sanda, ta ɗaga haɓa, ta buɗe baki tare da yarinyar da ke cikin allon:

"Kai mai wuya kamar figaggen zakara! Yarinya ta ce ba ta so, kurma ne kai, ko gashin ne ya toshe maka kunne? Mayar mata da littafinta. Takalmin ma na aro ne, mun san mai shi."

Kowace kalma ta zauna a kan leɓɓan daram. Inda yarinyar ta rufe baki, nan tsohuwar ta rufe nata. Tsinke ya mayar baya, ya ce ta sake. Ta sake, ba ta sauya ko harafi ba. Ya mayar a karo na uku yana bin leɓɓan da yatsa, sannan ya kifa kai a kan teburin gyara, kafaɗunsa suna rawa don dariya, har wani ƙaramin sukurudireba ya gangara ƙasa.

"Kaka! Figaggen zakara?"

"Dubi wuyan ka gaya min ƙarya na yi. Yanzu dubi fuskarsa."

Muka dubi Gaye yana yamutse fuska yana ja da baya.

"Kowa ya ce ya iya wasa, wai ya nuna ƙyama kamar gaske. Har kyauta aka ba shi kan fuskar nan. Ba wasa ba ne, zagi ne ya shige shi. Ni na yi aikin, shi ya karɓi agogo."

"To bencin fa? Shi dai ba ƙanin darakta ne ya karya shi ba."

"Shi ne kuwa. Da zarto ya ci ƙafar tun da safe, ba wanda ya gaya min. Wai in an gaya min faɗuwar ba za ta yi kyau ba. Ƙugun nan tun ranar yake gaishe ni duk lokacin sanyi."

Dariyar ta tsaya masa. Ya dubi sandar, ya dubi allon. Yaya ba ta son a tausaya mata, ta fi son a zage ta, don haka ta zungure shi a ƙafa.

"Kar ka yi min fuskar ta'aziyya, ban mutu ba. Saki hoton, akwai abin da na ce ina ƙasa."

Ya saki. Randa tana kwance, bakinta yana aiki kamar keken ɗinki.

"Me kika ce a nan?"

"Wannan ba za a sa ba. Ka ce akwai ɗalibai."

"Faɗa min ni kaɗai."

"Sai ka yi gemu. Wannan ciyawar uku da ke haɓarka ba ta kai ba."

Ya share hawaye da gefen riga, ya gyara zama irin na mai sana'a.

"To shi ke nan. Na fasa yanke ki. Zan goge muryar akuya in ɗora taki. Sannan in rage haukan Gaye, leƙen tagar nan da fizgar littafi, don kar yara su koya."

"Ba za ka goge komai ba, ba za ka rage komai ba."

"Kaka, yanzu fa kika ce da kin fasa masa kai."

"Shi ya sa. In ka wanke shi tas, 'yan makarantar malamarka za su ɗauka zamaninmu mala'iku ne ke yawo da wando mai faɗi. Bar su su ga abin da iyayensu da kakanninsu suka tafa wa. Ka bar muryar akuyar ta yi kukanta, a buga gangar, a yi dariyar. Sannan ka mayar da wurin baya, ka saki tawa. Su ji abin da aka ce na faɗa, su ji abin da na faɗa."

"Sau biyu ke nan za ki faɗi daga benci a gaban jama'a."

"Na faɗi sau dubu a gidajen mutane ban sani ba. Wannan karon da izinina."

Ya sosa ƙeya. "Akwai matsala ɗaya. Shugaban ƙungiyar da ya kawo kaset ɗin ya ce kar a taɓa masa fim, a wanke kawai. Dattijo ne mai mutunci, ga sanƙo, ga carbi. In ya ji na ƙara wani abu, ba zai sake kawo min aiki ba."

"Amma da za ka yanke ni ba ka tuna da mutuncinsa ba. Mai sanƙo, dogo, yana tafiya yana jan ƙafar hagu?"

"Shi."

"Ka dubi wuyansa?"

Tsinke ya dubi allon. Ya dubi kakarsa. Ya sake duban allon, inda Gaye ya daskare da kwandon gashinsa.

"A'a. A'a, Kaka. Ba dai shi ba?"

"Gashin ne ya tafi, wuyan yana nan."

"Inna lillahi! A layin gaba zai zauna fa, da iyalinsa!"

"Da matarsa mai tabarau," na ce. "Ba ta fim ɗin ba, wata ce daban. Ta fim ɗin ta zama likitar ido, ba ta sake yi masa magana ba."

"Kun kashe ni. Tsofaffin nan kun kashe ni. Zai ce na ci amanarsa."

"Ka ce masa matarka ce ta tilasta ka," in ji Yaya. "Kowa ya san ba ka da ƙarfin hana ni. In kuma tsoro kake ji, ba ni kaset ɗina in kai wa yaron da ke tsallaken titi. An ce shi namiji ne, har nama ne a jikinsa."

"Wancan? Wancan ko batir bai iya sauyawa ba!"

"To."

"Malamar kuma fa? In ta ji bakinki ta gudu?"

"In ta ji bakina ta zauna, ka aure ta da gudu. In ta gudu, na rage maka wahala, don ko ba a zauren ba za ta ji shi a gida."

Ya ɗaga hannu biyu sama. Ya jawo wata durowa, ya fito da makirufo sabo fil a cikin ledarsa, ya yage ledar da haƙori, ya durƙusa a tsakiyar wayoyin da ke ƙasa ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na sallama, uwargida. Ga shi, na bar miki har abada. Amma don Allah ki tausaya masa, na saye shi ne don masu magana a hankali."

"Tashi kar ka karye. Wannan abin zai ɗauki muryata?"

"In ya ƙone, ya mutu a bakin aiki."

Ta karɓa, ta jujjuya shi, ta hura masa iska. Ya rufe ƙofar shagon, ya kashe fanka. A ɗauka ɗaya ta gama. Mai ɗinki na maƙwabta ya ƙwanƙwasa bango ya tambaya ko lafiya.

Ranar Asabar da la'asar zauren ya cika. Ɗalibai a baya, tsofaffi a tsakiya, shugaba da iyalinsa a gaba, sanƙonsa yana ɗaukar hasken taga. Tsinke yana bayan na'ura yana zufa, malamar tasa a tsaye kusa da shi tana riƙe masa waya. Shugaba ya yi jawabi, ya ce wannan fim tarbiyya ce da nishaɗi irin na da, wanda yaran yanzu suka rasa. Da ya hango Yaya sai ya yi murmushi ya ce, "Ga ma Randa tana tare da mu." Daga tsakiyar zauren wani tsoho ya matse hanci ya ce, "Ka taimaka ka so ni!" Aka yi dariya.

Yaya ta miƙe a kan sandarta. Ba ta nemi makirufon zauren ba, ta fito da nata daga jakar da nake riƙe da ita, ko jona shi ba a yi ba, ta riƙe shi a gaban baki don ado. Muryarta ba ta taɓa buƙatar waya ba.

"Kafin a kashe fitila ina da roƙo ɗaya," ta ce. "Duk wanda ya san ya taɓa matse hanci ya yi min muryar nan, a titi ko a kasuwa ko yanzun nan, don Allah ya taso ya dawo layin gaba kusa da shugaba. Yara, ku kawo musu kujeru. Kunnuwansu sun tsufa, kuma ina so su ji da kyau."